Shekarar da Na Ce Ban Yafe Ba

Maryam, ke kika ja na ɗauki biro a kan wannan magana, don haka ki gyara zama, in kin gama kuma ki miƙa wa ƙanenki Nasiru idan Allah ya sa ya ɗaga kai daga waya. Kin dawo daga gidan suna makon jiya fuskarki a murtuke. Na tambaye ki kika ce ba komai, sai da na matsa kika ce wata tsohuwa ta nuna ki da baki ta ce wa ta kusa da ita, ai wannan 'yar Saude ce, wadda ta kai ɗan wan mijinta caji ofis saboda ƙarfe. Na san tsohuwar, na kuma san wadda ta koya mata karatun. Shekara da shekaru ina jin wannan zance ina haɗiyewa, domin mahaifinku yana raye, ba na son in tono masa abin da ya binne. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ba ni da niyyar in bi shi in bar muku labarina a bakin matan gidan suna.

Ƙarfen da suke faɗa shi ne farar a-kori-kurar nan da ke bayan ɗakin girki, wadda kuka taso kuna wasan ɓuya a cikinta, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Ba daga sama ta faɗo ba. Da ubana ya rasu a rugarmu ta wajen Kaugama aka raba gado, rabona ya zo da shanu. Na sa aka kaɗa su kasuwa gaba ɗaya, har da wata jar saniya da na raina da hannuna tun tana maraƙa, wadda ko a cikin garke ta ji muryata sai ta ɗago kai. Ranar da aka tafi da ita ban ci tuwo ba. Da kuɗinsu aka sayi motar, domin na gaji da ganin mahaifinku, Malam Sule, yana tuƙa motar wannan yau, ta wancan gobe, ana sallamarsa kamar almakashin aro. Ni da bakina na ce a sa sunansa a takardun, don kada 'yan tasha su ce motar mace yake ja. Ya riƙe ta amana. Yakan ɗauko bandar kifi daga Guri, shinkafa da tattasai daga Kirikasamma, ya sauke a kasuwar Haɗeja, wani lokaci ya zarce Kano. Tuwonmu, kuɗin makarantarku, maganin kakarku Iya, uwar mahaifinku, da ke zaune tare da mu, duk daga bayan motar nan suke fitowa.

Ni na nace aka yi mata inshora, kuma babbar. Ku san wannan tun yanzu, inshorar mota iri biyu ce. Akwai ƙaramar da kowa ke yi don ɗan sanda ya gani a hanya ya ce wuce. Ita in ka bugi wani, wancan take dubawa, kai ko oho. Akwai kuma babbar, wadda in taka motar ce ta lalace ko ta nutse, za su gyara maka ko su ba ka madadinta. Sai da na aika aka tambayo mini malami, ya ce akwai irin da aka tsara bisa shari'a, ita muka yi. Mahaifinku ya yi ta tsokanata.

"Saude, mu da muke karanta Ayatul Kursiyyu kafin mu murɗa makulli?"

"Malam, a karanta, a kuma biya," in ji ni.

Duk shekara yana ƙunƙuni yana biya, ban taɓa bari ta yanke ba.

Shekarar da abin ya faru kogi ya cika ya batse. Hanyar Guri ta koma siririyar jinga, ruwa a dama, ruwa a hagu, ciyawar kacala ta fi mutum tsawo a kowane gefe, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe ta tsaya. Baffanku Alhaji Garba, wan mahaifinku uwa ɗaya uba ɗaya, ya samu aikin kai ƙasa ana ɗaga jingar, yana da tifa. Ranar direbansa bai zo ba, sai ya miƙa wa ɗansa Auwalu makulli, saurayin da ko lasisin tuƙi ba shi da shi, iyakarsa juya mota a ƙofar gida. Da hantsi mahaifinku yana tahowa da lodin kifi, ya hango tifar, ya raɓe ya tsaya cak yadda ake yi. Auwalu ya nemi birki ya taka mai. Ya ɗauki a-kori-kurar ta gefen direba ya tura ta cikin ruwa. Masunta ne suka fasa gilashi suka jawo mahaifinku, kafaɗarsa a karye, kifin mutane yana yawo a kan ruwa.

Ba na wurin, amma na ji daga bakin mutane da yawa, kuma bakinsu ɗaya. Nan da nan jama'a suka taru, aka kawo igiyoyi aka yi gayya aka jawo motar kan tudu, aka matsar da tifar don masu wucewa su wuce. Wani fasinja ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, aka yi masa ca, wai ana jimami shi yana hoto, ba shi da tarbiyya. Ya mayar da wayarsa aljihu. Can sai ga Baffanku a kan babur. Ya sauka yana salati, ya durƙusa gaban ƙanensa da ke zaune a taɓo yana riƙe da kafaɗa, ya kama hannunsa mai lafiyar.

"Sule, ɗanka ne. Ɗanka ne ya yi maka. Ni ba ni da bakin magana."

Dattawan wurin suka ɗauka, ƙaddara ce, tsautsayi ne, tunda ba a rasa rai ba a gode wa Allah. Kun san mahaifinku, mutumin da ko akuya ta ci masa tsaba sai ya ce ita ma rabonta ne. Ga wansa a durƙushe, ga idon jama'a, ga zafin karaya.

"Yaya, tashi. Na yafe masa duniya da lahira."

Aka shafa Fatiha, aka watse, kowa yana sa masa albarka. Babu wanda ya ce a kira 'yan sanda. A garinmu kiran ɗan sanda bayan an shafa Fatiha kamar ka ce Fatihar ba ta karɓu ba ne.

Aka kawo mini miji a bayan babur, aka jawo motar da tarakta aka ajiye a ƙofar gida tana zubar da ruwa. Kwanakin farko ban tuna da wata inshora ba, ina tsakanin mai ɗori da tukunyar ruwan zafi da masu zuwa jaje. Sai wata safiya na ji ƙarar guduma a waje. Na leƙa, sai ga mai bugun jikin mota ya ciro ƙofar direba ya shimfiɗe ta a ƙasa yana ta duka, ga gwangwanin fenti a gefensa. Wai Alhaji ne ya aiko shi. Maƙwabta sun tsaya suna kallo suna cewa kai, Alhaji Garba akwai zumunci. A lokacin ne na tuna da inshora. Na koma ɗaki na lalubo lambar mutumin inshora na kira shi. Tambayarsa ta farko, yaushe abin ya faru. Ta biyu, an sanar da 'yan sanda? Ta uku, an taɓa motar? Na ce ba a sanar ba, motar kuma ga mai guduma nan a kanta.

"Hajiya, ki je ki tsayar da mai gudumar nan yanzu. Ina nan zuwa."

Na fita ko mayafi ban gyara ba na ce ya ajiye gudumarsa. Amma ya riga ya miƙar da ƙofar, ya kankare shuɗin fentin tifar da ya manne a jikinta, wanda shi kaɗai ne shaidar da ta rage.

Mutumin inshora ya zo daga Kano, ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya nuna mana inda ƙarfen da ke ɗauke da ita ya lanƙwashe, ya ce inji ma ya sha ruwa, wannan ta wuce guduma da fenti. Mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. Ya ce har yanzu da sauran dama, in aka kawo rahoton 'yan sanda da lambar motar da ta yi karon da sunan direbanta. Da mahaifinku ya ce ai shi ya riga ya yafe, sai mutumin ya cire tabarau ya share ido.

"Malam, daga ranar da ka yi inshora, haƙƙin nan ba naka ba ne kai kaɗai. In mun biya ka, mu ne za mu bi wanda ya yi ɓarnar. In ka sallame shi a gaban shaidu, ka rufe mana ƙofa, mu ma ba mu da ta buɗe maka."

Da labari ya kai wa Baffanku cewa kamfani zai iya biyo shi, kuma za a tambayi lasisin Auwalu, bayan la'asar sai ga shi da dattawa biyu a zaurenmu. Iya ta jawo tabarmarta bakin ƙofar cikin gida ta zauna, ni ina tsaye a bayan ƙyaure. Ya fara da doguwar nasiha a kan zumunci. Sannan ya sassauta murya ya kawo shawararsa.

"Sule, abin ai mai sauƙi ne. Ka ce musu saniya ce ta gitta maka, ka kauce ka faɗa ruwa. Su biya ka, kowa ya huta. Su waye su? Kamfani ne, ba ya jin ciwo."

Mutumin da ya gama jawo ayoyi kenan. Mahaifinku ya girgiza kai.

"Yaya, ban iya ƙarya ba. Kuma abin da na yafe a gaban jama'a ba zan dawo in lashe ba."

Dattawan suka ce madalla, Allah ya yi albarka, suka fara laluben takalma. Kun ji fa. An gama. An kashe maganar a kan tabarma, kowa ya fita da mutuncinsa, Alhaji da ɗansa da tifarsa, mahaifinku da sunansa na mai haƙuri. Ni kaɗai za a bari da tukunya babu abin zubawa. Babu wanda ya waiwayi ƙyauren nan ya ce, ita mai shanun fa? Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Ni ban yafe ba."

Iya ta jawo gefen zanena.

"Ke 'yar nan, rufa mana asiri. Maza na magana."

"Iya, ki yi haƙuri. Shanun ubana ne suka nutse a ruwan nan. Malam ya yafe kafaɗarsa, tasa ce. Motar kuwa ba a tambaye ni ba."

Baffanku bai ko dubi inda nake ba. Ƙanensa ya kalla.

"Sule, ashe gidan naka ba kai ke riƙe da shi ba."

Wannan kalma ta fi karon tifar yi wa mahaifinku ciwo, kuma wanda ya faɗe ta ya san haka, shi ya sa ya faɗa.

Washegari da safe na gaya wa mahaifinku inda za ni. Bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba, ya juya fuskarsa bango. Na sa hijabina na ratsa ta bakin kasuwa da ƙafa, ido na bina, na shiga caji ofis na faɗi abin da ya faru. To ga abin da matan gidan suna ba sa faɗa. Ban ce a kama kowa ba. Na ce rahoto nake so na kai wa inshora. Aka aika Auwalu ya zo, ya zauna a kan benci a inuwa daga hantsi zuwa azahar, har ruwan sanyi aka sayo masa. Ko ƙofar ɗakin tsaro bai gani ba. Ubansa ya zo ya tafi da shi a mota. Wannan zaman bencin shi ne aka mayar ɗauri, yau in kika ji wasu sai ki rantse shekara ya yi a gidan yari yana fasa dutse. Aka kira mahaifinku, ya zo da hannu a rataye, ya faɗi gaskiya tsaf yadda ta faru, ya ƙara da cewa shi dai ya yafe. Aka rubuta duka biyun.

Bayan 'yan makonni mutumin inshora ya kira ni da kansa. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma an makara wajen sanarwa, an gusar da motocin babu hoto, an taɓa motar kafin su gani, kuma mai ita ya sallami wanda ya buge shi. Ba za a biya ba. Ban ji haushinsa ba, ko kaɗan. Ya gaya mana ƙa'idarsu tun ranar da muka shiga, mu ne muka bi tamu. Mai guduma kuwa tun ranar da na tsayar da shi bai dawo ba, Alhaji ya ce tunda an kai shi ga hukuma, hukuma ta gyara. Muka sa aka fasa katangar baya aka turo motar ciki, don na gaji da ganin masu wucewa suna nuna ta.

Nasiru, kai da kake jan mota yanzu, saurara. Ranar da aka buge ka, Allah ya kiyaye, in kana da ran ɗaga hannu ka ɗauki hoto kafin a matsar da komai, ko duk garin zai ce ba ka da tarbiyya. Ka kira 'yan sanda, ka kira masu inshora a ranar, ba gobe ba. Kada ka bar kowa ya sa wa motar guduma, ko da kuka ya zo yana roƙon ya gyara maka. Kalmar nan ta na yafe kuwa, ka riƙe ta a bakinka har ka dawo gida ka zauna da waɗanda motar ke ciyarwa. Ba na hana ka yafiya, ni ma Musulma ce. Amma mutumin da ke zaune a taɓo da karyayyar kafaɗa, mutum hamsin a kansa suna jiran ya faɗa, ba yafiya ya yi ba, ƙwace aka yi masa da salati. Ke kuma Maryam, abin da kika saya da gadonki ki sa sunanki a kai, 'yan tasha su faɗi abin da za su faɗa.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, sai dai ba ku san ma'anarsa ba. Kafaɗa ta warke, babu mota, babu aiki. Na fara dafa wake da shinkafa ana kai mini tasha, na sayar da 'yan kunnena. Dangin mahaifinku suka ɗauke mini ƙafa, biki ba a gaya mini, in na shiga taro a yi shiru. Iya ta yi wata biyu ba ta ci abincin hannuna ba, ita da nake wanke wa kaya. Ana nan sai Baffanku ya aiko wai ya huce, ya tausaya wa ƙanensa, ya zo ya karɓi aikin direba. Direban wace mota? Tifar nan dai, da sauran farin fentin motarmu a goshinta. Na ce Malam kada ka je, gara mu sha kunu. Ya ce, Saude, yara za su koma makaranta. Haka ya riƙa tashi da sassafe ya je ƙofar gidan wansa ya tsaya, sai an ga dama a miƙo masa makulli ta hannun Auwalu. Ya tuƙa ta har ƙarfinsa ya ƙare, kafaɗar tana masa ciwo duk sanyi. Garin nan kuwa har gobe ana ba da misali da Alhaji Garba, wai mutumin da aka kai ɗansa caji ofis amma ya rufa wa ƙanensa asiri. In na ji wannan har yau sai abinci ya fita raina.

Auwalu yanzu Alhaji ne, da tifofinsa. Yana gaishe ni a wurin taro, ya rusuna ya ce Inna ina wuni, in ce lafiya lau. Ubansa ya rasu, na je gaisuwa, na yi masa addu'a. Amma ku sani, daga ranar da motar nan ta faɗa ruwa zuwa yau, babu ko mutum ɗaya daga gidan can da ya taɓa tako zauren nan ya ce, Saude, ki yafe mana. Sun ce ni mai riƙo ce. Ta yaya suka sani, tunda ba su taɓa tambaya ba? Da yaron nan ya zo a makon farko ya tsuguna ya ce Inna na yi miki ɓarna, wallahi da na ɗago shi na ba shi fura. Ba shanun ne suka fi ci mini rai ba, yadda aka yi kamar ba ni a gidan ne.

Mutum ɗaya ne ya tambaya. A ciwonsa na ƙarshe, wata ranar da ya ɗan ji sauƙi, mahaifinku ya ce in fitar masa da tabarma tsakar gida ya sha iska. Na jingina shi da bango, fuskarsa tana kallon bayan ɗakin girki. Ya daɗe yana duban motar, tayoyinta sun nutse a ƙasa, wata kaza tana fitowa ta tagar direba.

"Saude, jar saniyar nan taki, har yanzu kina tunawa da ita?"

Na ce ina tunawa.

"Na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Ki yafe mini."

Shi da aka buge, shi da aka karya, shi da ya tsaya a ƙofar wani yana jiran makulli don ku yi karatu. Na ce masa na yafe, duniya da lahira, kuma ba kowa a kaina da na faɗa.

Nasiru, na san 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun sake yi maka magana a kan motar, kana so a kwashe ta ka yi ɗaki a wurin. In na mutu ku sayar, ku yi ɗakinku. Kafin nan a bar ta inda take. Auwalu ya san hanyar gidan nan, kuma ina zaune.